Laka, rijiya, itace ko kogo: wace hanya ɗalibi zai bi don gano daminar Afirka ta dā?

Ma'aunin ruwan sama bai daɗe da zuwa ƙasashenmu ba. A Kano, Sakkwato, Damagaram da Yamai, rubutaccen lissafin damina ya fara ne a farkon ƙarni na 20, shekara ɗari da 'yan kai ke nan. A wannan ɗan tsakanin an ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, an ga daminu masu albarka na shekarun 1950, an kuma sha farin 1973 da na 1984. Abin da lissafin ba zai iya gaya maka ba shi ne ko farin 1984 ne iyakar munin da yankin nan ke iya gani, ko kuwa ƙasa ta taɓa shan wanda ya dame shi ya shanye. Mai gina madatsar ruwa da mai tsara noman rani duk suna bukatar amsar, kuma ba a samunta sai a wuraren da damina ta bar sawunta da kanta: lakar gindin tafki, ruwan ƙarƙashin ƙasa, zobban cikin itace, duwatsun da ke tsirowa a kogo, da taɓon gindin teku.

Ɗalibin da zai yi digiri na biyu ko na uku a wannan fanni dole ya ɗauki ɗaya ya bar saura, don kowace hanya da kayan aikinta da kuɗinta da shekarun da take ci. Kuma giɓin da zai shiga cikewa babba ne. A 2013 wata haɗakar masana mai suna PAGES 2k ta fitar da tarihin zafi da sanyi na shekara dubu biyu, nahiya-nahiya, har yankuna bakwai. Afirka ba ta ciki, saboda bayananta ba su isa ba.

Kafin ka kalli kowace hanya, tsayar da tambayarka. Shekara-shekara kake son gani, ko ƙarni-ƙarni ya wadatar? Ƙarni uku da suka wuce kake nema, ko shekara dubu goma? Yawancin waɗanda suka sha wuya a wannan aiki, hanyar suka fara zaɓa saboda ta burge su, sannan suka koma neman tambayar da za ta dace da ita.

Lakar tafki ce uwa a Afirka, kuma ita zan fi tsayawa a kai. Duk shekara ƙura, ganye, toka da gawarwakin ƙananan halittun ruwa suna nutsewa su kwanta a gindi, sabo a kan tsoho. Sai a kafa bututu a zaro lakar a miƙe, a tsaga ta gida biyu, a bi ta santimita-santimita. Bununin tsirrai da ya faɗa ciki yana nuna irin dajin da ke kewaye. Dayatom, wasu 'yan mitsi-mitsin tsirran ruwa masu ɓawo kamar gilashi, suna nuna ko ruwan daɗi ne ko na gishiri, mai zurfi ne ko kwatarniya. Ɓawon ostirakod, wata 'yar halitta da ba ta wuce ƙwayar gero ba, yana riƙe da sinadarin ruwan da ta rayu a ciki.

Ba sai ka yi nisa ba kafin ka ga abin da hanyar nan ta haifar. A dausayin Kajemarum da ke ƙasar Manga, arewacin Yobe kusa da iyakar Nijar, Alayne Street-Perrott da abokan aikinta sun fitar da tarihin shekara 5,500 na fari da ƙura, aka buga a 2000. Lakar ta nuna babban juyi zuwa bushewa wajen shekara 4,100 da suka wuce, da wani dogon fari tsakanin shekara 1,200 da 1,000 da suka wuce. A tafkin Tilla da ke tudun Biu, wanda bakin tsohon dutse mai aman wuta ne, Ulrich Salzmann ya bi bununi ya nuna cewa ko a lokacin da damina ta fi ƙarfi, wurin bai zama kurmi ba. Dajin ciyawa da itatuwa ne, sai dai irin wanda yau sai ka gangara kudu sosai za ka same shi. A Ghana akwai tafkin Bosumtwi kusa da Kumasi, ramin da wani dutse daga sama ya haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da suka wuce. Lakarsa shimfiɗa-shimfiɗa ce, ta kowace shekara daban, ana iya ƙirgawa. Daga nan Timothy Shanahan da tawagarsa suka nuna a 2009 cewa fari na shekara talatin zuwa arba'in abu ne da ya saba dawowa a Afirka ta Yamma, kuma an yi wani da ya ɗauki daga wajen shekarar 1400 zuwa 1750 Miladiyya, har itatuwa suka tsiro a inda yau ruwa ya rufe kututturansu.

To ina matsalar? Ta farko ita ce tafkin da bai taɓa ƙafewa ba yana da wuyar samu a Sahel. Idan tafki ya bushe, iska ce ke kwashe lakar. Kwarin Bodele a Chadi gindin tsohon babban tafkin Chadi ne, wanda a ganiyarsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 350,000, har gaɓarsa ta bar tudun yashin da ya ratsa Maiduguri da Bama. Farar ƙurar da iskar hunturu ke ɗebowa daga Bodele ɓawon dayatom ɗin wancan tafki ne, kuma wani kaso na hazon da ke rufe Kano daga can yake. Ka ga ke nan shekarun fari mafi tsanani, waɗanda kai ka fi son sani, su ne suka fi ɓacewa daga lakar.

Ta biyu, tafki ba lallai ne ya ba ka labarin ruwan saman garinsa ba. Tafkin Chadi ya sauko daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963 zuwa ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980, amma kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwansa kogunan Shari da Logon ne ke kawowa daga kudu. Cikarsa da ƙafewarsa sun fi ba da labarin daminar Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa fiye da ta Kukawa. Ƙaramin tafki rufaffe, wanda ba kogin da ke shiga daga nesa, ya fi gaskiya game da unguwarsa. Ta uku kuma, bununin ciyayi duk kama ɗaya yake a madubin ƙara girma, da wuya ka raba na gero da na gamba, sannan a shekaru dubu biyu ko uku na baya-bayan nan manomi da makiyayi sun shiga cikin lissafin: itatuwa suka ragu, fari ne ko gatari?

Sai babbar matsalar, wadda ke cinye kasafin kuɗi: sanin shekarun kowace shimfiɗa. Gwajin kabon-14 ne ake yi, wato auna wani nau'in kabon da ke raguwa a hankali bayan halitta ta mutu, wanda ke kai wa wajen shekara 50,000. Kowane samfuri ɗaruruwan dalolin Amurka ne, kuma sai an aika waje, Turai ko Amurka ko iThemba LABS a Afirka ta Kudu. Laka mai tsawon mita biyar da gwaji biyu kacal tatsuniya ce, ba tarihi ba. Ga wani tarko kuma: tafkin da tsohon ruwan ƙasa ke ciyarwa, kamar dausayoyin kanwa na Manga, yana sa ɓawon halittunsa ya nuna shekarun da suka fi na gaskiya, saboda tsohon kabon da ke narke a ruwan. Shi ya sa masu aikin ke tsintar gawayi, iri ko ganyen tudu su aika, ba lakar a dunƙule ba.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa hanya ce da ɗalibai ba su cika waiwaya ba, alhali a ganina ita ta fi kusa da hannun ɗan jami'ar arewa. Iri biyu ce. Akwai ruwa mai zurfi, irin wanda burtsatse ke kamowa a shimfiɗar ruwa ta tsakiya da ke ƙarƙashin kwarin Chadi. Mike Edmunds na hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya da Ibrahim Baba Goni na Jami'ar Maiduguri da abokansu sun nuna cewa wannan ruwa ya shiga ƙasa ne wajen shekara dubu ashirin da suka wuce. Iskoki irin su niyon, agon, kiribton da zenon sun fi narkewa a ruwa mai sanyi, kuma da zarar ruwan ya nutse sai adadinsu ya kulle. Da aka auna, sai aka ga yankin ya fi yau sanyi da kimanin digiri 6 a lokacin. Ba wata hanya a yankinmu da ke ba ka zafi da sanyi kai-tsaye kamar wannan. Amfaninta kuma na yau ne: ta gaya wa hukumar ruwa cewa abin da ake zuƙowa ajiya ce, daminar bana ba ta mayar da shi. Rauninta shi ne ruwa yana gauraya a tafiyarsa, don haka dubban shekaru suke narkewa su zama lamba ɗaya. Ba za ka ga farin shekara talatin a ciki ba.

Iri na biyu yana sama da ruwan rijiya, a cikin danshin yashi. Ruwan sama yana ɗauke da ɗan gishirin kuloraid. Shekarar fari, rana da saiwoyi suna shanye yawancin ruwan, ɗan da ya saura ya nutse da gishiri mai yawa. Shekarar damina mai kyau, gishirin ya tsinke. Idan ka haƙa jigawa ka ɗebi yashi taki-taki har ka kai ruwa, hawa da saukar gishirin za su zana maka daminun shekaru gommai, wani wuri har kusan ɗari. An yi wannan a Luga ta Senegal da arewa maso gabashin Najeriya, kuma farin shekarun 1970 da 1980 ya fito a fili. Kayan aikin ba su fi ƙarfin sashen kimiyyar ƙasa ba, masu haƙa rijiya ma suna iya taimaka maka da ɗibar samfuri. Sai dai ba ta wuce ma'aunin ruwan sama da nisa. Ƙarfinta shi ne ta gaya maka nawa ne daga ruwan da ya zuba ya isa ƙasa.

Zobban itace su ne suka fi jan hankalin sabon shiga, kuma da dalili. Inda suka yi aiki, ba abin da ya kamo su: kowace shekara da zobenta, ka ce ga 1740, ga 1741. Da su aka zana taswirar farin Arewacin Amurka a 2004, ta yankin daminar Asiya a 2010, da ta Turai da kewayen Bahar Rum a 2015. A Maroko, itatuwan sida na tsaunukan Atlas sun ba da tarihin fari har zuwa 1049. Amma kudu da Sahara labarin ya sha bamban. Damina ta tsaya mako uku a tsakiyar Yuli, itace ya yi zoben ƙarya. Shekarar tsananin fari, ya ƙi yin zobe gaba ɗaya. Gawo kuwa nasa daban ne, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, saiwarsa na shan ruwan ƙasa, don haka abin da zai faɗa maka ba labarin hadari ba ne. A Turai ana tsawaita lissafi da katakon tsofaffin gidaje da coci-coci, zoben wannan ya haɗu da na wancan har a yi shekara dubu. Mu azara muke rufi da ita, giginya kuwa ba ta yin zobe ko ɗaya, sauran busasshen itace kuma gara ba ta barinsa ya tsufa.

Kuka ce ta ɗan buɗe ƙofa. A 2015 Stephan Woodborne da abokansa sun fitar da tarihin ruwan sama na shekara dubu daga kukokin arewa maso gabashin Afirka ta Kudu. Ba faɗin zobe suka dogara da shi ba. Aisotof ɗin kabon da ke cikin itacen suka auna, wato nau'o'in kabon masu bambancin nauyi, wanda ke canzawa gwargwadon ƙishirwar da bishiyar ta sha, suka tsayar da shekarun da kabon-14. Duk wanda ya san kukokin kufai da na tsofaffin biranenmu zai ga abin sha'awa a nan. Amma ka lura, da zarar ka bi wannan hanya, tsadar gwajin da ka guje wa a laka ta biyo ka, ga kuka da yawan zama kogo a ciki, tsofaffin shekarun sun ruɓe.

Kogo ba zan daɗe a kansa ba. Ruwan da ke ɗiga daga rufin kogon farar ƙasa yana gina dutse daga ƙasa zuwa sama, a hankali, kuma ana tsayar da shekarunsa da yuraniyom da toriyom, gwajin da ya fi kabon-14 daidaito kuma ya kai shekara dubu ɗari biyar. An yi aiki mai kyau a kogunan Mechara na Habasha, a kwarin Makapan na Afirka ta Kudu, a Madagaska da Maroko. Yammacin Sahel kuwa kusan fayau yake a taswirar, don yawancin duwatsunmu ba irin waɗanda ruwa ke narkarwa ba ne. In ba ka riga ka san kogon da ke da irin wannan dutse ba, kada ka gina digirinka a kan fatan samunsa. Haka ƙanƙarar saman dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, wadda Lonnie Thompson ya haƙa a 2000 ya ce ta kai shekara 11,700: masana sun yi ta gardama kan shekarun, kuma ko ba gardama, labarin Gabashin Afirka take bayarwa. Wanda ya fi su ban mamaki shi ne fitsarin rema da ke daskarewa a ƙarƙashin duwatsu shekara dubbai, wanda Brian Chase ya karanta a Namibiya da Afirka ta Kudu. Rema muna da ita a duwatsunmu, amma sai wuri mai tsananin bushewa abin ke ajiyuwa.

Saura taɓon teku, kuma a nan ne ake ganin dalilin da ya sa hanya ɗaya ba ta isa a yanke hukunci. Kowa ya yarda an yi zamanin da Sahara ta yi kore. Juyin da duniya ke yi a kan kanta yana da wani lanƙwaso da ke zagayowa duk bayan kimanin shekara 21,000, wanda ya sa wajen shekara dubu goma da suka wuce zafin rana na bazara a arewacin duniya ya ƙaru, iskar damina ta kutsa can cikin hamada. Kaburburan Gobero a Tenere ta Nijar, inda aka sami ƙasusuwan kada, dorina da manyan kifaye, shaida ne. Haka kwalekwalen Dufuna mai tsawon fiye da mita 8 da wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a Yobe, mai kimanin shekara 8,000. Gardamar ita ce yadda zamanin ya ƙare. A 2000 Peter deMenocal ya auna ƙurar Sahara a taɓon da aka zaro daga tekun Atlantika daura da Muritaniya, ya ga ƙurar ta ragu daga shekara 14,800 da suka wuce, sannan ta dawo farat ɗaya wajen 5,500, cikin 'yan ƙarnuka. A 2008 Stefan Kröpelin ya kawo lakar tafkin Yoa da ke Uniyanga a arewacin Chadi, mai shimfiɗar shekara-shekara har 6,000, ita kuwa ta ce a hankali aka bushe: itatuwa suka fara janyewa, ciyawa ta biyo baya, hamada irin ta yau ba ta kafu ba sai wajen shekara 2,700 da suka wuce.

Wa ya yi kuskure? Ba kowa. Ƙura tana iya tashi farat ɗaya ranar da gindin wani babban tafki ya fito fili, ko da ruwan sama a hankali yake raguwa. Taɓon teku yana tattara labarin rabin nahiya, tafki na faɗin na kewayensa. Daga baya, da aka jera wurare da yawa, aka kuma auna aisotof ɗin haidurojin a kakin ganyen da ya nutse a Bosumtwi, sai ya bayyana cewa bushewar daga arewa ta faro ta gangaro kudu, kowane wuri da lokacinsa. Ga ɗalibi, taɓon teku yana da wani daɗi: ba sai ka hau jirgin ruwa ba, an riga an haƙo, na Atlantika yana ajiye a Bremen ta Jamus, ana neman samfuri a rubuce. Amma ba zai taɓa raba maka daminar Katsina da ta Agadas ba.

Akwai ta shida da ba ta cikin laka ko dutse, kuma a nan ɗalibinmu ya fi Bature hannu. Lissafin ambaliyar kogin Nilu, wanda aka fi sani da na ma'aunin tsibirin Rauda a Alƙahira, ya faro tun ƙarni na 7. Sharon Nicholson ta haɗa rahotannin matafiya, tarihohi da cikar tafkuna ta sake gina daminun Afirka na ƙarni na 19, yanki-yanki. Tarihohin Tumbutu da na Barno suna ambaton yunwa da annoba, ga wasiƙu da rubuce-rubucen Larabci da ajami a Arewa House ta Kaduna, a Sakkwato da Yamai. Wanda ya tashi da karatun allo da na littattafai zai shiga su ba tafinta. Sai dai a kiyaye, ba kowace yunwa fari ke kawowa ba. Fara da yaƙi ma suna yi, kuma marubuci ba ya rubuta shekarar da komai ya tafi daidai.

Ga yadda zan raba su. In shekara biyu gare ka da ɗan tallafi, ɗauki gishirin cikin yashi, ko ka zauna da tsofaffin takardu ka gwada su da abin da Bosumtwi da Kajemarum suka nuna; ko kuma ka sake nazarin bayanan bununi da aka riga aka zuba kyauta a rumbun bayanai na intanet mai suna Neotoma. In digiri na uku ne kuma malaminka yana da abokin aiki a ɗakin gwaje-gwajen da ke yin kabon-14, to lakar ƙaramin tafki rufaffe, kuma kada ka tsaya kan bununi kaɗai, haɗa shi da dayatom ko ostirakod, don abin da ɗaya ya ɓoye ɗayan ya tona. In tambayarka ta shafi ɗorewar burtsatse, ruwa mai zurfi. Kuka kuwa a gwada ta a gefe, kada ta zama ginshiƙi. Rashin tsaro a wasu sassan Yobe, Barno da Difa ya sa zuwa wuraren da suka fi kyau sai an yi shiri da izini, don haka tun kafin ka rubuta takardar neman amincewa, bincika ko ragowar lakar da aka haƙo a shekarun 1990 tana nan a ajiye a wata jami'a. In kuma kai za ka haƙo sabuwa, ware kuɗin gwajin shekaru tun farko, kafin na mota da na masauki, sannan ka tanadi inda za ka ajiye rabin lakar a cikin sanyi mai ɗorewa, domin laka mai ɗanshi da aka bari a zafin Afrilu fumfuna take yi ta tsattsage, sabon kabon ya shiga ya ɓata gwajin.